Malamar da ke Bayan Injin Girbi

Ranar ƙaramar sallar da ta wuce, da kuka haɗa ni da ku duka a waya ɗaya, kowa daga garin da Allah ya ajiye shi, Nusaiba ta tayar da zancen daminar da muka yi a gonar Mafaza. Cikin raha ta yi shi, na sani. Ta ce ita da Bashir a cinyata suka yi karatu, amma yayarku waya kawai na miƙa mata na tura ta kan dutse ita kaɗai. Bashir ya yi ta dariya har hotonsa ya tsaya cak a fuskar wayar. Yayarku ba ta ce komai ba sai, "Ku bar Yumma," sunan da kuke kirana da shi. Ni ma ban tanka ba. Kun san ni, magana a gaban mutane ba ta taɓa zo mini da sauƙi ba, ko da mutanen nan ni na haife su. Amma yanzu 'ya'yanku sun fara wayo, suna kasa kunne ga irin wannan hira, kuma ba na so su tashi da labarin a karkace. Shi ya sa na keɓe wa daminar nan babi guda a littafin nan da nake rubuta muku.

Jikokina za su ga ina ta cewa "yayarku" ba na kama suna, to bari in fara da wannan. Kakanninmu daga yamma suka taso da shanunsu a kan hanyar hajji. Shanun suka ƙare, hanyar ta yi tsawo, suka zauna noma a gaɓar kogin Rahad a nan Sudan, wasu suka shigo Gadarif. Mun rasa abubuwa da yawa a tsakani, har Hausarmu ta cakuɗe da Larabci, amma kunyar ɗan fari ba mu yar da ita ba. Uwa ba ta kiran sunan 'yar farinta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta nuna mata so a idon jama'a. Ana yaye yayarku aka miƙa ta ga Hajja, mahaifiyar babanku. Gida ɗaya muke, amma a ɗakin Hajja take kwana, a kwanon Hajja take ci. In ina son ta ɗauko mini abu, sai in faɗa wa iska, "A miƙo mini tsintsiya," ita kuma ta miƙo ba tare da ta dube ni ba. Da wutsiyar ido na raine ta. Na san ranar da haƙorinta na farko ya faɗi, na san takalmin da ya fara matse ta tun kafin ta faɗa wa Hajja, amma ban taɓa cewa na sani ba.

A lokacin ni ma ɗaliba ce, ko da yake na haura talatin da yawa. Ina karatun koyarwa daga gida, irin wanda ba ka zuwa aji sai lokacin jarrabawa. Ana turo mana laccoci ta waya, in saukar da su in adana, in saurara ina tuƙa asida, tuwonmu na nan, ko ina wanki. Wani lokaci nakan karanta abin da na fahimta da ƙarfi in naɗi muryata, domin in ji inda nake tuntuɓe. Shekarar ƙarshe nake ciki. Babanku yakan ce da a ce littafi yana aure, da shi aka ba ni ba shi ba.

Al'adarmu ita ce in damina ta kawo kai, babanku ya tafi gona shi kaɗai, mu mu zauna a gari saboda makaranta, domin a nan ƙasar da ruwan sama ake buɗe makarantu. A shekarar nan sai mai gidan da muke haya ya ce zai aurar da ɗansa, yana son gidansa. Muka nemi wani, ba mu sami wanda za mu iya ba. Zamani ne na layin burodi da layin fetur, kowa ya ƙanƙame abin da yake hannunsa. Babanku ya ce babu yadda za a yi, sai dai mu tafi gona gaba ɗaya, har da Hajja, mu dawo bayan an kwashe dawa. Gonar tana can bayan Mafaza, babu makaranta kusa, kuma duk wanda ya san baƙar ƙasar wurin ya san in ta sha ruwa ko jaki sai ya yi tunani kafin ya taka ta. Bashir yana aji huɗu, Nusaiba ba ta ma shiga ba, su ba abin damuwa ba ne sosai. Yayarku ce take aji takwas, shekarar jarrabawar da za ta raba wanda zai wuce sakandare da wanda zai tsaya. Kuma ba ci kaɗai take buƙata ba, sai ta sami maki mai kyau kafin a ba ta gurbi a makarantar 'yan mata mai ɗakin kwana, tunda ba mu da tabbacin gida a gari. Na je wurin shugabar makarantarsu, na tsaya a bakin ofis har ta gaji da ganina ta ce in shigo. Da ƙyar na haɗa maganar. Ta yarda za ta bar sunanta a rajista in har za ta dawo ta zauna jarrabawar, amma ta gaya mini gaskiya, yarinyar da ta rasa rabin shekara ba kasafai take kai labari ba.

Makonnin da suka rage kafin tafiya, a kasuwar Gadarif na ƙarar da su, wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a ƙarƙashin baranda. Gwamnatin wancan lokaci ba ta gajiya da sauya littattafai, sai ka sayi na bara ka tarar an cire babi an saka wani. Don haka na ari na 'yar maƙwabciyarmu sababbi, ina gwada su shafi da shafi da na kasuwa, har mai shagon ya kawo mini kujera ya ce in zan kwana a gaya masa ya bar mini mabuɗi. Na Bashir bai ba ni wahala ba: littattafan gwamnati na aji huɗu, da wani tsohon littafin taswira da na ƙara masa saboda na ga yana son sanin inda koguna suke zuwa. Nusaiba kuwa na yanke ba za ta taɓa takarda ba tukuna. Allo da tawada a wurin Hajja da safe, baƙaƙe da lambobi a ƙasa da tsinke a wurina da yamma. Baffanku da ke Gallabat ya yi ta matsa mini in saka ku a wani darasin Turanci da ake yi ta waya daga Najeriya, wai nan gaba can za ku koma. Na saurari darasi biyu, na ga malamin kirki ne, amma ba abin da za a tambaye ku ba ne a ɗakin jarrabawa a Gadarif. Na ba shi haƙuri ta bakin babanku.

Na yayarku ne ya hana ni sukuni. Akwai masu sayar da darussan bidiyo a memori, na duba na ga na tsohon tsari ne. Akwai wani malami mai suna a gari da ke koyarwa kai tsaye ta waya, amma sai kana kan layi a daidai lokacin da yake magana, mu kuwa inda za mu babu wannan gata. A ƙarshe na tsaya a kan wata malama a Khartum mai rukuni a waya: takan naɗi darasi da murya, ta ɗauki hoton allo ta turo, ɗaliba ta saukar duk sa'ad da ta sami shabaka, wato sabis, ta mayar da tambayarta da murya. Na saurare ta sosai kafin in yarda. Ba ta sauri, ba ta tsawa, kuma tana bin sabon littafi. Babanku ya tambaye ni, tunda ni ma malama ce saura ƙiris, me zai hana in koyar da ita da kaina. Hajja ce ta amsa daga inda take gasa bunnin jabanarta, wato ƙwayar gahawarta.

"Kai ma dai Idrisa. Ta zauna gaban 'yar fari tana buɗe baki? Halima ba ta tashi a gidan marasa ido ba."

Yabo ne ta yi mini, kuma na ji daɗinsa. Ku fahimci wannan. Ban zaɓi malamar Khartum don in kawar da yayarku daga gabana ba. Na zaɓe ta ne don ita ce mafi kyawun abin da na samu, na kuma ba yayarku waya guda ɗaya da muke da ita mai iya wannan aiki, wato tawa.

Muka hau lori da gadaje da tukwane da kajin Hajja, muka isa kafin ruwa ya rufe hanya. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin: bukkoki uku, rakuba, wato rumfa, ta kara a tsakiya inda muke shan inuwa, randa a gindin ƙirya, sannan fili shimfiɗe har iyakar gani. Can ƙarshen gona akwai wani mataccen injin girbi da masu gonar na farko suka bari, ciyawa ta fito ta cikin ƙafafunsa. Ta gabas kuma akwai ɗan dutse, shi kaɗai ne wurin da waya take kama shabaka. Muna da ƙaramin farantin sola da babanku ya ɗaure a kan rakuba, in rana ta fito ya cika wayar, in hadari ya wuni sai haƙuri. Wurin ajiye wayar murfin randa ne. In ta cika, sai in ce wa Bashir ya gaya wa yayarsa, ita kuma ta ɗauka ta sa abin sauraro a kunne ta hau dutse da littafinta. Daga rakuba ina hango jan mayafinta a can sama, ina koya wa Bashir sunayen koguna, Nusaiba tana zana baƙi a ƙasa kaji suna bi suna sharewa. Hajja tana tsokanar Bashir, tana ce masa maigidanta, wai in ya gama karatun ya saya mata mota, shi kuma yana ce mata tsohuwa mai haƙori biyu ba ta shiga motarsa. Ban taɓa samun kwanaki masu daɗi irin waɗannan ba, ko kafin su ko bayansu.

Sai tsakiyar damina aka yi ruwa na kwana da kwanaki. Da ya ɗauke, shabaka ta ɗauke tare da shi. Daga baya muka ji cewa injin da ke ba hasumiyar waya wuta ne mansa ya ƙare, motar da za ta kawo kuma ba ta da hanya, in ma akwai man. Yayarku ta ci gaba da hawa dutse kullum, ta ɗaga wayar sama, ta juya gabas ta juya yamma, ta sauko. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Malamar ta tsaya ne a daidai farkon babin lissafin nan da ake neman adadin da aka ɓoye, wanda duk abin da ke gaba a kansa aka gina shi. Sai in ga yayarku a bakin bukkar Hajja ta tasa littafi a gaba, ta rubuta ta goge har takardar ta huje. Ba ta kuka, ba ta tambayar kowa. Halina ta ɗauko, kuma ganin halinka a jikin wani ba shi da daɗi. Ni kuwa ina zaune taku kaɗan daga gare ta, ina tsince wake, amsar tana bakina.

Na gwada bi ta kan Bashir. Na ce masa ya gaya wa yayarsa ta ƙetarar da bakwai ɗin zuwa ɗaya gefen, in ya ƙetare kuma alamarsa ta juya. Ya ruga ya ce mata Yumma ta ce ta koma ɗaya gefen ta juya. Ta tashi da tabarmarta ta koma bayan bukka. Hajja ta yi dariya har da tari, ni ma na yi, sannan na tashi na shige ɗaki. Babanku ya kawo shawarar a ɗora ta a tarakta a kai ta garin Hawata wurin 'yar'uwarsa, ko a can za a dace. Taraktar da ya yi magana a kai ta kafe a laka tun kafin ta iso mu, sai da aka yi kwanaki ana haƙa. Ya dawo da taɓo har gwiwa, ya zauna ya ce to, wataƙila shekarar nan ba tata ba ce, ta maimaita baɗi. Amma dukkanmu mun san shugabar makaranta ba ta yi alkawarin baɗi ba, kuma mun ga 'yan mata da yawa da aka ce su jira baɗi.

Washegari da rana tsaka, lokacin da kowa ya kwanta a inuwa, na ɗauki wayar da littafin yayarku na bi kunya-kunya har ƙarshen gona. Na zauna a bayan mataccen injin nan, inda ba mai ganina. Na danna wurin naɗar murya kamar yadda na saba yi wa kaina. Na yi sallama da Larabci irin na aji, yadda malamar Khartum take buɗe darasinta, na ce, "Ɗalibata, buɗe shafin da muka tsaya." Na goge na sake. Da na shiga cikin lissafin sai na manta da kaina. Na yi bayani a hankali, na kawo misali da buhunan riɗi a kan sikeli, abin da ka cire a wannan gefe sai ka cire a wancan. Na gama, na dawo, na ɗora wayar a murfin randa. Na ce wa Bashir ya gaya wa yayarsa darasi ya sauka. Ya tambaya ko shabaka ta dawo ne. Na ce darasi ya sauka na ce.

Ta ɗauka, ta sa a kunne a nan tsakar gida. Na ga ta tsaya. Ina jiran ta juyo ta dube ni, ban san inda zan sa fuskata ba. Ba ta juyo ba. Ta gyara mayafinta, ta ɗauki littafi, ta nufi dutse kamar kullum, alhali babu abin da za ta samo a can. Ta daɗe har la'asar ta yi sanyi. Da ta sauko ta ajiye wayar a kan randa ta wuce wurin Hajja. Sai da na tafi ɗebo itace na saurara. Ta bar saƙo, ita ma da Larabcin aji.

"Ustaza, na gane na farko da na biyu. Na ukun a maimaita mini a hankali. Kuma akwai kurciya a ajinku, tana ta kuka a bayanki."

Na zauna a kan itacen na yi dariya ni kaɗai, sannan na yi abin da ba dariya ba. Shekara goma sha huɗu, wannan ne karo na farko da 'yata ta yi mini wasa.

Haka muka ci gaba. Ni bayan inji da rana, ita kan dutse da yamma, randa a tsakani. A tsakar gida ba abin da ya sauya, ina faɗa wa iska, tana miƙo tsintsiya. Amma a cikin wayar nan na san ta. Na gane tana tsoron tarihi saboda yawan sunaye, tana son kimiyya, tana ƙosawa in an maimaita mata abin da ta riga ta gane. Na sake tsarin karatun gaba ɗaya saboda ita, na ja lissafi gaba, na yayyanka tarihi ƙanana na mayar da shi labari. Wata rana ta ce wa ustaza tana jin tsoron kada ta faɗi ta ba mahaifiyarta kunya, domin mahaifiyarta mai karatu ce. Ustaza ta ce mata ta san mahaifiyar nan, kuma ba abin da yarinyar za ta yi da zai sa ta ji kunyarta.

Wayar ba ta da wuri da yawa. Darussan suna taruwa, kuma ba na son goge na baya domin tana komawa kansu. Ranar da ta ƙi karɓar sabon naɗi, na buɗe inda laccocina suke, na shekarar ƙarshe duka, waɗanda na saukar a gari kafin mu taso. Na san in na goge su babu inda zan sake samo su kafin jarrabawata. Na fara da goge darasin da na fi ƙwarewa a kai, ina ce wa kaina ai na haddace shi. Bayan 'yan kwanaki na goge na biyu. Kafin riɗi ya yi fure babu ko ɗaya. Ban zauna jarrabawar shekarar ba, shekarar da ta biyo kuma ƙasar ta shiga wani hali, ni ma na shiga nawa. Kun sha tambayata me ya sa ban ƙarasa ba, ina ce muku Allah bai nufa ba. Gaskiya ne bai nufa ba, ga kuma yadda abin ya bi. Ba na so kowa ya ɗauki wannan a matsayin nauyi a wuyansa. An ba ni aji mai ɗaliba ɗaya, na koyar, ya ishe ni.

Hajja ba yarinya ba ce. Ta ga ina ɓacewa da rana, ta ga darasi yana sauka alhali babanku yana hawa dutsen nan ya sauko yana tsaki bai sami jin farashin riɗi ba. Wata yamma muna rakuba, ta ce wa yayarku ta kawo mata ta ji muryar malamar Khartum ɗin nan da ake ta hawa dutse dominta. Yayarku ta sa mata abin a kunne da hannunta. Hajja ba ta jin Larabcin aji sosai, amma ta saurara har ƙarshe, idonta a kan kajinta. Ni ina ta dama kunun da ya riga ya damu. Ta cire, ta miƙa wa yarinyar.

"Malamar nan 'yar mutunci ce, daga ji an yi mata tarbiyya. In kin mayar mata da magana ki ce ina gaishe ta." Sannan ta ƙara da cewa, "Ki kuma ce mata ta riƙa rufe kanta da kyau, ranar Khartum ba ta da kirki."

Daga ranar, da azahar ta yi sai Hajja ta kira Nusaiba ta ce ta zo ta cire mata furfura, ta aiki Bashir ya duba mata ƙwai. Ku kuna tsammani son jikinta ne. Hanya take share mini.

Ruwa ya janye, riɗi ya yi rawaya. Kun san riɗi ba ya jira, in ba a yanke shi a kwanakinsa ba sai ya fashe ya zube a ƙasa. Ma'aikata suka zo daga wajen Gallabat da laujensu, kowa ya shiga gona har ni, makaranta ta tsaya. A cikin kwanakin nan ne shabaka ta dawo. Babanku ya sauko daga dutse wayar tana ta ƙara a hannunsa kamar ɗan tsako, darussan malamar Khartum na wata da watanni suna neman shigowa gaba ɗaya. Na ce a raina to, aikina ya ƙare, mai aji ta dawo. Ya kamata in yi murna. Da muka gama tsayar da dammunan riɗi na koma bayan inji, na naɗi gajeren saƙo, na ce wa ɗalibata malamarta ta asali ta dawo, ta fi ni sanin yadda ake tsara tambayoyin jarrabawa, ta koma gare ta. Amsar ba ta yi tsawo ba. Ta ce za ta karɓi tsofaffin tambayoyi daga waccan, amma bayani a nan take so, ta saba da ajin da ke da kurciya. Na auna maganar da idon basira, ba da son zuciya ba, na ga tsari ne mai kyau. Haka muka yi har aka kwashe dawa.

Muka dawo Gadarif, muka sami ɗakuna biyu a bayan kasuwar hatsi. Babu dutse, babu inji. Sai in shiga madafa in ja ƙofa, ita kuma ta zauna a bayan gida gindin dalbejiya. Ana gobe jarrabawa da hantsi na tarar da saƙonta a kan randa. Ba tambayar lissafi ba ce.

"Ustaza, a makarantarmu in malama za ta yi wa ɗaliba addu'a, sunanta take kira, don kada addu'ar ta tafi wurin wata."

Na daɗe a madafa da wayar a hannu. Sunan nan ni na zaɓe shi a raina tun tana ciki, na raɗa wa babanku, amma tun ranar suna bai taɓa bi ta harshena ba. Na tuna Hajja, na tuna uwata da ta rasu ba ta taɓa kiran babban wanmu ba, kuma ba wanda ya kai shi kuka a kabarinta. Ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba. Amma na ce wa kaina, uwa ce aka hana, ba a hana malama ba. Na danna, na yi addu'ar, na kira sunan. Na ɗora wayar a kan randa na fita gidan maƙwabta aron abin da ba na buƙata.

Ta ci, kun sani. Ta sami gurbinta, ta sa kayan sakandaren nan masu kama da na soja da ake sa wa yara a lokacin, Hajja ta ce yanzu kam an sami mai tsaron kaji. Ba ta taɓa gaya muku komai ba, domin ita ma kunyar ta riƙe, ta bar ku kuna cewa malamar Khartum ce ta fitar da ita. A baki kuma ban sake kiran sunan ba. Sai dai har gobe, in wani abu mai nauyi ya same ta, takan kira ni ta gaishe ni kamar kowa, sannan ta ce, "Yumma, ustaza tana kusa?" In ce bari in duba. In ajiye wayar a kan cinyata, in gyara zama, in sake ɗauka.

Bayan hirar sallar nan da kwana biyu ta kira ta nemi ustaza. Ta ce ƙannenta sun girma, a gaya musu. Ta ce in za a rubuta kuma, a rubuta har da sunan, don kada labarin ya tafi wurin wata. Na ce za a isar wa mahaifiyarta, amma na san matar nan, ba za ta iya ba. Don haka ni Halima na ajiye alƙalami a nan, layin da ke ƙasa ba ni na rubuta shi ba.

Allah ya yi miki albarka, Safiya.